Motar Kwanan Nasara da Cinikin Tsohon Inji a Ƙasar Magarya

Kafin a san motar Beljiyam, kafin Kwatano ta zama kasuwar motoci, daga arewa tsofaffin motoci da dama suke gangarowa ƙasar Damagaram. A shekarun 1970 da 1980 samarin Faransa da Jamus da Holan kan sayi tsohuwar mota da araha a gida, su haye teku zuwa Aljeriya, su biyo Tamanrasset, su shigo Nijar ta Asamaka, sai Arlit, sai Agadas. A can, ko a Damagaram ko Yamai, sai su karyar da ita, kuɗin ya biya musu jirgin komawa. Galibi Fijo ce, 404 da 504. Amma jefi-jefi akan ga Boswaja Kombi wadda aka mayar da cikinta ɗaki: gado, ɗan teburi, murhun gas, labule a tagogi, wata ma rufinta ɗagawa yake yi. Kamfanin Westfalia na Jamus ne ya yi suna a wannan gyara.

Kawuna direba ne, ɗan Dantchiao, kuma irinta ya sayo a Damagaram ina yaro. Ranar da ta iso gida aka ɓamɓare kayan cikin. Gadon ya koma ɗakin kakarmu, kafinta ya jera benci. Abin da Bature ya kashe wa kuɗi, a wurinmu wuri ya tare. Ciniki kuwa duk a kan inji aka yi shi.

Kawu yana da ƙa'idarsa. Ba ya ganin mota da rana, sai da asuba, kafin mai ita ya samu damar ɗumama inji, don inji mai sanyi ba ya rufa asiri. Sai ya zare sandar baƙin mai ya murza a yatsu, ko zai ji yashi ko garin ƙarfe. Ya sa a tayar, ya koma baya ya tsuguna wajen salansa. Shuɗin hayaƙi, mota tana shan baƙin mai, ringi sun cinye. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, wannan maganar karanshaf ce, kuɗi ya sauka sosai. Dillali ba ya rasa abin faɗa.

"Alhaji, lafiyarta lau. Ɗan aiki ne kawai."

"Malam, ɗan aikin nan ai sauke inji ne. Rage mini kuɗin ringi da fistan, mu yi magana."

A ja, a ce albarka, a tashi, a dawo, kafin a sallama a cire wa dillali la'adarsa.

Injin Boswaja a baya yake, kuma ba shi da lagireto. Iska ke sanyaya shi, da fanka mai juyawa da bel. A hamada wannan abin so ne, tunda babu ruwan da zai tafasa. Amma Bature da matarsa da jakunkuna biyu daban, ran Alhamis a hanyar Maigatari daban: mutum goma sha, buhunan wake a kan rufi, awaki a ƙarƙashin benci, ga rairayi, ga zafin bazara. Ƙurar da tayoyi suka tayar, inji na baya ita yake shaƙa, ita ke cin ringi. Bel ya tsinke direba bai lura ba, kafin a kai gari na gaba inji ya buga. Sauƙinta ɗaya, injin ƙarami ne. Makanike da yaransa biyu sukan kwance shi su ajiye a kan tabarma ƙarƙashin bedi, su wanke kayan da fetur a kwano, su zauna gugar bawul da hannu har la'asar.

Ba kwalliya ta sa mutanenmu suka shiga wannan wahala ba. Tun da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, gyaɗar Magarya kudu take yi, kuma manyan motocin kamfanoni ke kwasarta, daga baya na SONARA da aka kafa a 1962. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta biyo a 1975 suka karya gyaɗa. Manoma suka koma wake, fatake suka koma dabbobi, duka kuma Najeriya ke saye, lokacin kuɗin mai yana tashe. Wannan fatauci na cin kasuwannin ƙauye ne, ƙaramar mota yake so, wadda talaka zai iya saya ko da rabin inji.

A shekarar 1975 ɗin nan aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, Boswaja a Legas. Kayan gyara suka cika Kano, kuma Kano a bakin ƙofarmu take idan aka kwatanta da Yamai. A ganina wannan ne ya raba gardama tsakanin motoci, ba ƙarfin inji ba. Motar da ake samun kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ita ke daɗewa a hanya. Fijo ta fi kowa cin wannan moriya, shi ya sa akori-kura 404 ta binne motocin da suka fi ta ƙuruciya. Da gwamnatin Buhari ta rufe iyaka a Afrilun 1984, har zuwa 1986, motoci da yawa sun kwana a kan duwatsu suna jiran fistan. Kayan dai sun ci gaba da shigowa ta hanyoyin jeji, kowa ya sani, sai dai kuɗinsu ya ninka.

Hanyar arewa ta mutu a farkon shekarun 1990, saboda tawaye a Abzin da yaƙi a Aljeriya daga 1992. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota ta ƙara nisa da mai ƙaramin ƙarfi. Tsofaffin motocin Turai suka fara zuwa ta ruwa, ta Kwatano da Lome, Toyota Hayis ta ƙwace tasha. Sana'ar gyara ma ta sauya. Yau inji ya buga, ba kowa ke tsayawa gugar bawul ba, sai a sayo wani tsohon inji ɗungurungum a ɗora. Ya fi sauri, na yarda, amma mai saye bai san abin da ke cikinsa ba sai ya hau hanya, kuma yaran gareji da yawa sun tashi sun iya ɗorawa ba su iya buɗewa ba.

Kombi ta ƙarshe a Brazil aka ƙera ta, a Disambar 2013, kuma yanzu masu sha'awar kayan da a Turai suna zuba kuɗi mai yawa a kan irin wadda kawu ya ɓamɓare wa gado. A tashoshin Magarya da Dungas ba wanda ke nemanta. Mai sayen mota yakan fara da takardun duwan da kartagiris, sannan, tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, ya tambayi lita nawa take sha zuwa Damagaram, kafin ma a buɗe masa inji.