Tarihin Katin Bashi da Abin da Ke Ɓoye Cikin Sharuɗɗansa

Katin da yawancin masu ajiya a banki suke riƙe da shi a ƙasar nan, kuɗinsu na kansu yake fito musu da shi. Amma akwai wani iri da ake kira katin bashi, watau wanda mutum zai sayi kaya da kuɗin banki, sa'an nan ya biya daga baya. A ƙasar Amurka aka ƙago shi, can kuwa aka fi sanin daɗinsa da ɗacinsa.

Cikin shekarar 1950 wani ɗan kasuwa, Frank McNamara, ya kafa kamfanin Diners Club a birnin New York. Mai kati ya ci abinci ya sa hannu, kamfani ya biya, in wata ya ƙare ya mayar da kuɗin gaba ɗaya, ba tare da ruwa ba.

A 1958 al'amarin ya sake. Bank of America ya aika da kati wajen 60,000 ta gidan waya zuwa ga mutanen garin Fresno, a jihar Kalifoniya, alhali ba wanda ya roƙa. Sabon abu a nan shi ne, ba a tilasta wa mutum ya biya duka a ƙarshen wata ba. Ya ba da abin da ya samu, saura ya kwana, a ɗora masa ruwa kashi ɗaya da rabi bisa ɗari kowane wata. To, an ce cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. Banki ya zaci mutum 4 cikin ɗari ne za su makara, sai ga 22. Ya yi hasara mai yawa kafin ya gyara, amma katin nan ne ya zama Visa a 1976.

Ɗaya da rabi, a kunne, kamar ba kome ba ne. Amma mai karatu ya ninka sau goma sha biyu, zai ga kashi 18 ke nan a shekara. Saboda irin wannan rufa-rufa Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka a 1968, cewa lalle mai ba da bashi ya bayyana ruwan shekara a rubuce. A 1970 kuma aka hana aika wa mutum katin da bai nema ba.

A wancan zamani jihohi da yawa sun ƙayyade iyakar ruwa. Sai a 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa bankin da ke da rajistar gwamnatin tarayya, dokar jihar da yake zaune zai bi, ko ina mai cin bashin yake. Da jihar Dakota ta Kudu ta cire iyakarta, Citibank ya kwashe aikin katinsa ya koma can a 1981. Har wa yau, a 1996 kotun ta ce tarar makara ita ma ruwa ce, jihar mai kati ba ta da ikon ƙayyade ta. Tarar da aka yi shari'a a kanta dala 15 ce. Ba a daɗe ba sai ga bankuna suna cin dala 39.

Amma a ganina tarkon da ya fi kama mutane shi ne wanda ya yi kama da alheri. Kowane wata banki yana rubuta mafi ƙarancin abin da zai karɓa. Da can kashi 5 bisa ɗari na bashin ne, daga baya bankuna da yawa suka rage shi zuwa kashi 2, mutane suka ga an sauƙaƙa musu. To, mu yi lissafi. A ce ana bin mutum dala 1,000, ruwan wata dala 15. In ya biya kashi 5, watau dala 50, uwar kuɗi ta ragu da 35. In kuwa kashi 2 ya biya, watau dala 20, ashe dala 5 kaɗai ta ragu. Ga shi bai taɓa makara ba, ba wanda zai kira shi macuci, amma sai ya yi shekaru da dama yana aiki banki na kwashewa. Irinsa banki ya fi so, ba mai biya duka ba.

Ban da wannan, cikin ƙananan rubutun da ba safai ake karantawa ba, a da akwai sharaɗin cewa banki yana da ikon sake sharuɗɗa duk sa'ad da ya ga dama. A wancan lokaci wasu ma in mutum ya makara wajen biyan wani mai binsa dabam, sai su ƙara masa ruwa, har a kan kayan da ya saya tun da daɗewa.

A watan Mayu na 2009 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta toshe wasu daga cikin kafofin nan. Dole a yi wa mai kati gargaɗin kwana 45 kafin a ƙara ruwa, an kuma hana ƙari a kan tsohon bashi sai da wasu dalilai ƙayyadaddu. Takardar wata-wata kuma dole ta nuna tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in mafi ƙaranci yake biya. Iyakar ruwa kuwa, dokar ba ta taɓa ta ba. A 2023 bashin kati a Amurka ya haura dala biliyan 1,000, ruwansa kuwa, in an daidaita, ya wuce kashi 20 bisa ɗari a shekara.