Aikin Gayya da Neman Ilimi a Ƙauyen Chan Kom

Chan Kom wani ƙauye ne na kabilar Maya a lardin Yukatan, ƙasar Meziko. Waɗanda suka kafa shi manoman masara ne daga garin Ebtun, suka sari daji suka zauna gefen wata rijiya ta halitta, domin arewacin Yukatan ba shi da koguna. Wajen shekarar 1930 mutanensa ba su wuce 250 ba.

Bayan juyin mulkin da ya soma a 1910, hukuma ta shiga raba wa talakawa gonaki. Mutanen Chan Kom suka gane cewa ƙauyen da ke da makaranta da dandali da tituna a jere shi ake ba filin noma da 'yancin kansa. Saboda haka suka dage da wata tsohuwar al'adarsu, fagina, watau gayya, sai dai tasu ta tilas ce: kowane namiji baligi sai ya ba gari kwanakin aiki ba lada, wanda ya ƙi a hukunta shi. Da ita suka gina makaranta, suka share dandali, sa'an nan suka fasa hanya zuwa Chichen Itza, inda Amurkawa ke haƙar kufan kakanninsu. A 1927 wani saurayi, Alfonso Villa Rojas, ya zo musu malami. A 1935 ƙauyen ya zama hedkwatar gundumar kansa. Dattijon da ya fi tsayawa kan al'amarin shi ne Eustaquio Ceme.

Robert Redfield na Jami'ar Chicago ya rubuta littafi a kansu tare da malamin nan a 1934, ya kuma fitar da wani a 1950 yana yabonsu da cewa sun zaɓi ci gaba da kansu. Yabon yana da tushe, amma bai cika ba. A 1965 Victor Goldkind ya sake duba bayanan, ya nuna cewa gidaje kaɗan masu shanu da kantuna su suka riƙe mulki, har waɗansu da suka saɓa musu suka yi ƙaura. Ashe gumin na kowa ne, amfanin kuwa ba a raba shi daidai ba.

Da aka soma gina Kankun a 1970, samari suka bar gonakin masara suka tafi can ƙwadago, gari ya rabu biyu, manoma da 'yan ci-rani.