Farashi Da Tukuici A Ƙasar Amurka

A zamanin da, mutanen Amurka ciniki suke yi irin na ko'ina: mai kaya ya tsuga kuɗi, mai saye ya taya. Wanda ya iya baki ya sayi abu da araha, yaro da baƙo kuwa a cuce su. Akwai wata jama'a ta Kirista da ake kira Kwaka, waɗanda tun ƙarni na 17 suka ɗauki wannan a kan ƙarya ce, suka riƙa yanka wa kaya kuɗi guda ga kowa.

A shekarar 1861 wani ɗan kasuwa, John Wanamaker, ya buɗe kantin tufafi a birnin Filadelfiya. Shi ma ya bi wannan hanya, har ya shahara da liƙa takardar farashi a jikin kaya. Sannu a hankali sauran kantuna suka kwaikwaye shi.

Amma a daidai lokacin nan wata al'ada ta kunno kai daga Turai, watau ba da tukuici ga mai hidima. Da aka 'yanta bayi a 1865, kamfanin Pullman ya ɗauki 'yantattu da yawa aikin hidima a jiragen ƙasa bisa ɗan albashi kaɗan, ya bar matafiya su cika sauran. Gidajen abinci ma suka bi sahu. Ta haka kyauta ta rikiɗa ta zama lada, farashin da ke rubuce kuwa ya daina zama dukan abin da za a biya.

Mutane da yawa suka ƙi abin, suna cewa yana ƙasƙantar da ma'aikaci. Jihar Washinton ta hana tukuici da doka a 1909, waɗansu jihohi suka biyo baya. Sai dai ba a iya tsare hannun mai bayarwa da na mai karɓa ba. Kafin ƙarshen 1926 duk an soke dokokin.

Da doka ta kasa kashe al'adar, sai ta rungume ta. A 1966 majalisar ƙasa ta yarda maigida ya lissafa tukuici cikin ladan ma'aikacinsa. A 1991 ladan irin waɗannan ma'aikata mafi ƙanƙanta ya kai dala 2.13 a awa, ya tsaya nan shekaru fiye da 30, ko da yake waɗansu jihohi, kamar Kalifoniya, sun wajabta cikakken lada.

Faransa kuwa wata hanya ta bi: a 1987 ta umurci gidajen abinci su haɗa kuɗin hidima cikin farashin da suka rubuta. Can mai ci ya san abin da zai biya tun kafin ya zauna. A Amurka sai ya ƙara nasa lissafi a ƙarshe, abincin gidan mai hidima kuwa ya rataya ga halin wanda ya yi wa hidima a ranar.