Warin da Aka Saya da Rayuka

Iskar gas ta girki ba ta da wari a asalinta. Ɗoyin da ke sa uwargida ta zabura ta buɗe tagogi, zuba shi ake yi da gangan, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin ya zama doka.

A 1910 masanin sinadarai Walter Snelling na Amurka ya gano iskar furofen a cikin tururin fetur, aka soma ɗura ta a tukwane. Ranar 18 ga Maris 1937 iskar gas marar wari ta taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London, jihar Texas. Tartsatsi ɗaya ya tarwatsa ginin, mutum kusan 300 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. A shekarar majalisar jihar ta wajabta sa wa gas wari, wasu wurare suka bi sahu.

Daga baya aka lura cewa warin ma yana iya ɓacewa, musamman a sabuwar tukunya. Tana fitowa daga masana'anta da iska a ciki, wani lokaci da laima. Laima na haifar da tsatsa, tsatsa kuma na cinye sinadarin da ke ba da warin, har gas ya riƙa yoyo hanci bai ji ba. Iskar da ta maƙale kuwa tana ƙara matsi, tana sa wuta ta riƙa mutuwa. Shi ya sa a Amurka, inda ake ɗaura tukwane a motocin tafiye-tafiye masu ɗakin kwana da madafa, aka saba ɗura tururin gas kaɗan a sake shi, sau da dama, kafin cikon farko. Ba a kuma wuce kashi 80 cikin 100, domin ruwan gas na kumbura da zafi.

A Najeriya gas ya yaɗu bayan 2007, lokacin da kamfanin NLNG ya fara ware wa kasuwar cikin gida kaso. Tukwane sun riga ilimin shiga gidaje. A Janairun 2020 fashewar gas a wani shago a Sabon Tasha, Kaduna, ta kashe mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa.

Magidancin da ya sayo sabuwar tukunya daga Tambuwal ya ɗaure ta a babur zuwa Fakku, cikin bazarar da zafi ke haura digiri 40, ya gaji wannan tarihi duka. Haƙƙinsa ne ya tambayi mai ɗuri ko an kore iskar ciki, ya ga an auna a sikeli, ya ɗauke ta a tsaye. A gida ya shafa ruwan sabulu a bakinta: idan kumfa ya taso, akwai yoyo, ko da hanci bai ji komai ba.