Tashar Jirgin Gusau a Cikin Hazo: Tarihin da Ke Jikin Ƙarfe

Idan ka tashi da sassafe a watan Janairu ka nufi tashar jirgin ƙasa ta Gusau da niyyar ɗaukar hoton jirgi, to ka tafi da haƙuri, don kana iya wuni ba ka ji ko ƙararsa ba. Amma kada ka mayar da wayarka aljihu. Dogon da sauran ƙarafan tashar su ne shaidar yadda aka yi unguwar Sabon Gari ta samu, kuma suna ta raguwa.

Dogo ya isa Kano a 1911. Daga baya Turawa suka cire reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, wadda suke rubutawa Chafe a taswirarsu. Ya iso Gusau a 1927, tafiyar kusan kilomita 170, ya ƙarasa Kaura Namoda a 1929. Nan ya tsaya cak. Bai juya yamma ta garin Bunguɗu ya nufi Sakkwato ba, duk da cewa can ne hedikwatar lardin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka manufar aikin: auduga da gyaɗa ake son kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma ƙasar Zamfara na da su.

Kafin zuwan dogo, Gusau garin Malam Sambo Ɗan Ashafa ne, na manoma da malamai. Da jirgi ya zo sai kamfanonin sayen amfanin gona suka kafa kantuna da sito, aka gina injin gurzar auduga. Ana bukatar akawu, direbobi, makanikai da masu buga tangaraho, kuma da yawansu daga Kudu suka fito, Yarbawa da Ibo da sauransu. Kamar yadda aka yi a Kano da Zariya, aka zaunar da baƙin a wajen tsohon gari. Sabon Gari ke nan. Saboda haka in ka ga coci da masallaci da shagon kayan gyara a layi guda, jirgi ne ya haɗa su.

Yanzu ga abin da na fi so ka nema: sigina. Irin wadda reluwen Najeriya ya gada daga Ingila dogon turke ne mai hannu a samansa. In hannun ya miƙe sosai a kwance, ma'anarsa tsaya. In ya karkata, hanya a buɗe take. Da dare fitilar kananzir ke ci a bayan gilashi biyu, ja da kore, da ke manne da hannun, yana motsi launin na canjawa. Ma'aikaci ne ke jan wata sandar ƙarfe daga tasha, waya ta bi ta kan ƙananan gargare har zuwa turken.

Hikimar tana gindin turken. Akwai wani nauyi da aka rataya, wanda kullum yake jan hannun ya koma kan "tsaya". In waya ta tsinke, sigina ba za ta taɓa yi wa direba ƙaryar cewa hanya lafiya ba. Gara jirgi ya makara da ya yi karo. Har yau injiniyoyi na bin wannan ƙa'ida a lif da burkin tirela.

To ina ruwan hunturu da wannan? Ƙarfe na miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi, kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya. Ɗauki waya mai tsawon mita 500. In tsakanin ɗarin asuba da zafin azahar an samu bambancin digiri 20, abin da ba baƙo ba ne a nan, wayar za ta canja da kusan santimita 12. Wannan ya isa ya sa hannun sigina ya tsaya rabi da rabi, direba ya rasa gane me ake nufi. Shi ya sa ake yi wa wayoyin abin ɗaurewa da sassautawa. Dalilin kuma ke nan da ya sa ake barin ɗan giɓi tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa, wanda ke ba da ƙarar nan ta kacau-kacau da tsofaffi ke tunawa.

Da yake layin tilo ne, sigina kaɗai ba ta isa ba. A irin wannan layi akan ba direba wata alama ta ƙarfe ya riƙe kafin ya shiga tsakanin tasha biyu, kuma guda ɗaya ce tak ke fita a lokaci guda. Ba alama, ba tafiya.

Abin da ya biyo baya ka san shi. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, injinan dizal suka maye gurbin masu cin kwal ɗin Enugu. Man fetur ya danne gyaɗa da auduga, manyan motoci suka ƙwace kaya. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, na Gusau kuwa 1,067, don haka jirgin can ba zai iya hawa dogon nan ba. Ga kuma masu kwance ƙarafan dogo su kai wa 'yan gwangwan, matsalar da ta addabi tsofaffin layuka a Arewa. A ganina wannan ne ya sa hotonka yake da daraja.

Hazo zai dushe maka nesa, sai ka matso kusa. Ka fara gaida ma'aikatan tasha ka nemi izini, kuma da halin tsaron da ake ciki, kada ka bi dogo zuwa daji wajen Tsafe don neman hoto. Ka tsuguna ka share ƙurar da ke gefen ƙarfen dogon. Masana'antu kan buga sunansu da shekarar da aka ƙera shi a wurin. Ka ɗauki hoton rubutun, ka rubuta rana da daidai inda ka tsaya.