Kwarin Tarka: yadda ake gano yanayinsa na da kafin a gyara shi

Tarka tsohon kwari ne da ya taso daga yankin Tanut a jihar Damagaram, ya ratsa arewacin jihar Maradi ta wajen Dakoro, ya gangara Madawa a jihar Tawa kafin ya shiga Najeriya. Dubban shekarun da suka wuce kogi ne mai gudu. A yau ruwa ba ya bin sa daga farko har ƙarshe: da damina yana taruwa ne a tabkuna, sauran ya nutse ƙasa, inda rijiyoyi ke samun sa.

Wannan ne ya sa masu aikin farfaɗo da ƙasa ke fara tambayar yadda wurin yake a da. Suna gwada hotunan da Faransawa suka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1950 da na tauraron Landsat, wanda ya soma aiki a 1972, gab da farin 1973 da na 1984. Daga nan ake ganin inda itatuwa suka ragu, inda rairayi ya cike tabki, da inda gonaki suka ci burtali. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana da lissafin ruwan sama. Haƙa rami ma yana ba da labari: laka alama ce ta inda ruwa ya daɗe kwance, tsakuwa kuwa ta inda ya yi gudu. Sai dattawa, makiyaya da manoma, waɗanda suka san tabkin da ke kai wa rani da wanda ke ƙafewa tun kaka. Hoto ba ya faɗin wannan.

Ba wanda zai iya mayar da Tarka kogi. Amfanin binciken shi ne sanin inda ya dace a yi rabin wata ko jeren duwatsu a kan fako, da inda sassaben zamani kaɗai ya isa ya maido da itatuwa. Shingen da aka sa ba a gurbinsa ba yana iya tura ruwa cikin gonar maƙwabci.

Akwai kuma batun doka. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a yankin Dakoro kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin wannan iyaka. Tun daga lokacin gonaki sun ƙetara ta. Saboda haka tsohon hoto yana iya zama hujja a gaban kwamitin kula da filaye, wato COFO, idan manomi da makiyayi suka saɓa a kan wani tabki da ake shirin yashewa.