Shaidar Yara a Shari'ar Rauni da Kisa: Asalinta a Mazhabar Malikiyya

Asali a wurin malaman fiƙihu shi ne ba a karɓar shaida sai daga baligi mai hankali, adali, kamar yadda suka fahimta daga aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Da wannan ne Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya ƙi shaidar yara, kuma Abu Hanifa da Shafi'i suka tafi a kan haka.

Sai dai yara sukan keɓe a wurin wasa inda babu babba, wani ya raunata wani. In an ce sai baligi, jinin yaron ya tafi a banza. Imam Malik (ya rasu 179H) ya ruwaito a Muwaɗɗa, daga Hishamu ɗan Urwa, cewa Abdullahi ɗan Zubairu yana hukunci da shaidar yara a raunukan da ke tsakaninsu. Malik ya mayar da wannan ga aikin mutanen Madina, da sharaɗin a ɗauki maganarsu kafin su watse, kafin wani ya kitsa musu abin faɗi.

Ibn Abi Zaid (386H) ya kawo mas'alar a Risala a taƙaice. Mukhtasar na Khalil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya haɗa da kisa, ya ƙara sharuɗɗa: masu shaidar su kasance maza, masu wayo, biyu ko fiye, ba dangi ba, ba abokan gaba ba, maganarsu ba ta saɓa ba, kuma babu babban da ya halarta. Abin da ke tabbata diyya ce, domin ba a yi wa yaro ƙisasi.

Sharaɗin da ya fi cancantar nazari, a ganina, shi ne cewa janyewar yaro daga baya ba ta rushe maganarsa ta farko. Wannan kariya ce gare shi. Dangin wanda ake tuhuma ba su da ribar tsoratar da shi ko lallashinsa, tunda adalai sun riga sun shaida abin da ya faɗa.

Ibn Rushd (595H) ya lura a Bidayatul Mujtahid cewa wannan a haƙiƙa ƙarina ce, wato alamar da hali ya nuna, kuma Malik ya gina ta a kan maslaha. Da wannan fassarar saɓani da jumhuru ya ragu, domin sharaɗin balaga a shaida yana nan yadda yake.